Wa ya kakkaɓo jirgin wa?

Duk sanda aka tayar da zancen artabun jiragen yaƙin Indiya da Pakistan, abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai rantse maka da adadin jiragen da aka kakkaɓo, kai ka ce shi ya tsince tarkacen da hannunsa. Wannan ya ce shida, wancan ya ce ko ɗaya, a yi ta cacar baki har a kai ga zagin iyaye. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, na yarda, amma ko kallon ma ai yana da kyau mutum ya san abin da yake kallo.

Ni dai ga inda na tsaya. A irin wannan rikici ba na ɗaukar maganar kowace ƙasa a kan ɓarnar da ta ce ta yi wa abokiyar gabarta. Abin da nake kasa kunne in ji shi ne asarar da ta amsa da bakinta, sai kuma abin da ido ya gani a ƙasa: tarkace, lambar jirgi, ko matuƙi a hannu.

Mu koma Fabrairun 2019. Ranar 14 ga wata wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe jami'an tsaron Indiya 40 a Pulwama, cikin Kashmir, ƙungiyar Jaish-e-Mohammed mai mazauni a Pakistan ta ɗauki alhaki. Ranar 26 jiragen Indiya samfurin Mirage 2000 suka jefa bama-bamai a Balakot, cikin ƙasar Pakistan. Indiya ta ce ta hallaka 'yan ta'adda masu ɗimbin yawa. Pakistan ta ce bishiyoyi da gefen tsauni kawai aka daka. Hotunan tauraron ɗan Adam da suka fito daga baya sun nuna gine-ginen wurin a tsaye.

Washegari, 27 ga wata, Pakistan ta mayar da martani, a nan ne aka yi gamon da har yau ake jayayya a kansa. Abu guda babu mai musunsa: an harbo jirgin Indiya ƙirar MiG-21, ya faɗa ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, matuƙinsa Abhinandan Varthaman ya diro da lema, mutanen ƙauye suka far masa da duka kafin sojoji su karɓe shi. Duniya ta gan shi a bidiyo, fuska a kumbure, yana kurɓar shayi yana yaba daɗinsa. Firaministan Pakistan na lokacin, Imran Khan, ya sanar a majalisa cewa za a sake shi, aka miƙa shi ta iyakar Wagah ranar 1 ga Maris. Wannan gani ne, ya kori ji.

Sauran labarin fa? Kakakin sojojin Pakistan, Manjo Janar Asif Ghafoor, da fari ya ce jirage biyu suka harbo kuma matuƙa biyu na hannunsu. Kafin dare ya gyara, ya ce matuƙi ɗaya ne. Jirgi na biyun da Pakistan ke iƙirari, wai Sukhoi-30, ba a taɓa nuna tarkacensa ba. Ita kuma Indiya ta kafe cewa kafin a harbo Abhinandan ya riga ya kakkaɓo F-16 na Pakistan, jirgi ƙirar Amurka, har ta ba shi lambar jarumta ta Vir Chakra. Hujjarta? Wani guntun makami mai linzami ƙirar AMRAAM da ta nuna wa 'yan jarida, da wasu hotunan rada. To guntun nan abin da ya tabbatar shi ne F-16 ya yi harbi, domin a jiragen Pakistan shi ke ɗaukar wannan makami, kuma hakan ya kunyata Pakistan wadda da farko ta ce ba ta fito da F-16 ba sam. Amma bai tabbatar da cewa F-16 ya faɗo ba. A watan Afrilu mujallar Foreign Policy ta ruwaito cewa jami'an Amurka sun ƙirga jiragen F-16 na Pakistan sun same su cif. Indiya ta yi watsi da rahoton. Kun ga ke nan kowane ɓangare an kama shi da nasa ƙarin gishirin a rana ɗaya.

Akwai abin da ya faru a wannan safiyar wanda masu musu ba su cika tunawa da shi ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Wani jirgi mai saukar ungulu na Indiya, Mi-17, ya faɗi a Budgam kusa da Srinagar. Sojojin sama shida suka mutu, da farar hula ɗaya a ƙasa. Ba Pakistan ce ta harbo shi ba, makamin kariyar sama na Indiya ne da kansa, cikin ruɗani aka ɗauke shi jirgin abokan gaba. Sai a watan Oktoba, bayan sama da wata bakwai, bayan an gama zaɓen da Modi ya sake lashewa, hafsan sojin sama R.K.S. Bhadauria ya fito ya amsa cewa babban kuskure ne nasu. Idan masu zaune gaban rada, da horo da kayan aiki, sun kasa bambance nasu da na maƙiyi a wannan sa'a, ina dalilin da zai sa in haɗiye ƙidayar da suka yi ta jiragen da suka faɗi can bayan tsaunuka?

Ba ina cewa duk ƙarya suke shararawa da gangan ba. Yaƙin sama na yanzu ba irin wanda muke gani a fim ba ne, inda jirgi ke bin bayan jirgi har matuƙi ya ga hayaƙi. Yanzu daga nisan kilomita hamsin, ɗari, ko fiye ake sakin makami. Matuƙi ɗigo kawai yake gani a allo. Ya harba, ya juya da gudu don shi ma an harbo masa, ɗigon ya ɓace. Ɓacewar nan tana iya zama an same shi, tana iya zama ya yi ƙasa ya laɓe bayan dutse, ko ya rikita radar da na'urorinsa. Matuƙin ya sauka yana da yaƙinin ya yi kisa, kuma babu kwamandan da zai so ya rage masa. Tsohuwar cuta ce ma. Ranar 15 ga Satumban 1940 Ingila ta yi shelar kakkaɓo jiragen Jamus 185, da aka duba takardun Jamusawa bayan yaƙi sai aka tarar kusan 60 ne. Haka har yau ake jayayya a kan jiragen Indiya biyar da aka ce matuƙi M.M. Alam na Pakistan ya harbo cikin ƙasa da minti ɗaya a yaƙin 1965.

Sai ga shi an maimaita a Mayun 2025, wannan karon abin ya fi girma. Bayan kisan mutum 26 a Pahalgam, cikin Kashmir, ranar 22 ga Afrilu, Indiya ta kai wa Pakistan hare-hare daren 7 ga Mayu. Pakistan ta ce ta harbo jirage biyar, daga baya ta ce shida, ciki har da Rafale uku ƙirar Faransa, ta hanyar amfani da jiragenta J-10C na Sin da makamin PL-15. Da CNN ta tambayi ministan tsaronta Khawaja Asif ina hujja, sai ya ce ai tana nan ta cika kafafen sada zumunta. Ministan tsaro fa! A kafafen da ake yawo da hotunan wasan kwamfuta ana cewa yaƙi ne. Can Indiya kuma wasu gidajen talabijin sun kwana suna shelar an ragargaza tashar ruwan Karachi, gari ya waye tashar na nan.

Indiya ta yi gum a kan jiragenta har ƙarshen wata. Sai a Singafo babban hafsan tsaronta, Janar Anil Chauhan, ya amsa cewa an yi asarar jirage, ya ce shida ba gaskiya ba ne, ya ƙi faɗin adadi, ya ce dalilin faɗuwar ya fi adadin muhimmanci. Wannan amsar, duk da an matse ta, ta fi mini duk tarukan 'yan jaridar Pakistan nauyi, saboda babu mai ƙirƙirar wa kansa asara. A watan Agusta kuma hafsan sojin sama A.P. Singh ya ce su ma sun kakkaɓo jiragen yaƙin Pakistan biyar da wani babba guda. Wata uku bayan faɗa, babu tarkace, babu matuƙi. Pakistan ta ƙaryata. Inda Indiya ke da hujja mai ƙwari shi ne hare-haren da ta kai sansanonin sama, irin su Nur Khan da Bholari, domin hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ramuka da rufin da ya fashe, kuma nan ne Pakistan ba ta son a daɗe ana magana. Shi kuwa Trump, da ya yi shelar tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu, ya ce biyar, ya dawo ya ce bakwai, ya ƙara ya ce takwas, bai ce na wa ba.

Kada a manta da kasuwa. A 2016 Indiya ta sayi Rafale 36 a kan kusan Yuro biliyan 7.8. Idan ta tabbata jirgin Sin mai rahusa ya kayar da shi, ba Indiya kaɗai ta ji ciwo ba, kamfanin Dassault mai ƙera shi da duk mai shirin saye sun ji. A kwanakin faɗan hannun jarin kamfanin Chengdu mai ƙera J-10C ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka idan ka ga wani shafi ya dage sai ka yarda uku ne, ko ya dage ko ɗaya babu, ka tuna akwai masu haja a bayan fage. A cikin gida ma an ci riba: ba a rufa mako biyu da tsagaita wuta ba aka ɗaga hafsan sojin ƙasa na Pakistan, Asim Munir, zuwa Fil Mashal.

Na san wasu za su ce ina kare Indiya, wasu su ce Pakistan nake yi wa aiki. Da yawanmu addini ko tsohuwar ƙauna ce ke zaɓa mana ɓangare tun kafin mu ji labarin, ni ma ba na cire kaina. Amma ga lissafina. A 2019: MiG-21 ɗaya da Mi-17 ɗaya, duka na Indiya, na biyun da hannunta. F-16 da Sukhoi-30 ina ajiye su a gefe har a kawo tarkace. A 2025: Indiya ta rasa jirage, alamu masu ƙarfi sun nuna akwai Rafale aƙalla ɗaya a ciki, Pakistan kuma ta sha duka a sansanoninta. Duk wanda ke da hoton wutsiyar jirgi mai lamba, wanda ba daga wasan kwamfuta ya ciro shi ba, ya turo mini, zan gyara lissafin a gaban kowa.