Ku ƙyale yarinyar nan haka

Har yanzu raina bai huce ba. Wai a ce ƙaton mutum, da gemunsa da komai, ya wurgar da robar ruwa ta tagar mota, 'yar shekara uku ta ce masa "Kawu, ba a zubar da shara a titi," shi ke nan ita ce marar kunya. Ya daka mata tsawa har sai da ta ƙanƙame kujera, uwarta kuma ta juyo tana cewa "Yaya, yi haƙuri, fitsara ce ke damunta." Madalla. Mai laifi ya samu ban haƙuri, mai gaskiya ta samu harara.

To wa ya koya mata dokar? Mu ne. Mu muka yi ta nanata mata safe da yamma, ta ɗauka da gaske muke. Laifinta ke nan.

Masu cewa ai haddar aku ce, yaro bai san komai ba, ku saurara. A 2008, a cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, Hannes Rakoczy da Felix Warneken da Michael Tomasello sun ƙirƙiro wasan da babu yaron da ya taɓa gani, suka koya wa yara, sannan suka sa 'yar tsana ta yi shi ba daidai ba. 'Yan shekara uku suka riƙa tsawata mata suna gyara mata, alhali ba abinsu aka taɓa ba. Tun a 1981 ma Judith Smetana ta nuna yaran da ba su kai shiga firamare ba suna bambance laifi da laifi: dukan wani mugun abu ne ko babu doka, amma ƙin zama a inda malama ta ce, in an cire dokar ya wuce. Wannan ne hankalin da kuke kira haddar aku?

Na san za a ce babba babba ne. Na ji. Girman nasa bai ɗauke robar daga titi ba.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne fuskarta bayan nan. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi uwarta, ta dubi kawun, ta yi shiru tana murza bakin rigarta, kamar mai sake lissafi. Wallahi tsoro nake ji lissafin ya fito mata da cewa doka ta ƙanana ce kawai. Mu muka koya mata ta farkon, ga shi kuma mu muke koya mata ta biyun.

Af, kuma wannan kawun da ke cewa yaro bai san komai ba, shi ne makon jiya ya miƙa wa ɗan shekara shida wayarsa wai ya nemo masa inda hotunansa suka shige. Yaron kuwa ya nemo.