Wai don na ce gem ɗin nawa ne

Jiya Asabar bayan la'asar na rufe shago da wuri, na tari adaidaita sahu zuwa wajajen Farm Centre, zuwa na huɗu ke nan a kan PS4 ɗina, wato na'urar wasan gem ta PlayStation, da wuta ta ƙona. Kun dai san irin wutar. A kwana biyu babu ita, sai tsakar dare a kawo ta da ƙarfin da zai gasa duk abin da aka manta a jone. Mako uku da suka wuce na kai wa wani yaro mai gyara, ya buɗe, ya shinshina, ya ce ɓangaren da ke karɓar wuta ne ya tafi, in ba shi kwana biyu. Na ƙirga dubu goma sha biyar na kafin alƙalami na ba shi. Har jiya kwana biyun nan ba su cika ba.

Na yi sallama. Bai ɗago ba, yana ta danna waya, abokansa biyu suna kan benci suna ɓarar gyaɗa. Na sake yin sallama, sannan ya amsa can ƙasan maƙoshi.

Na ce, "Malam, ya maganar aikina?"

Ya ce, "Wane aiki?"

Na zaro rasit ɗin da ya rubuta da hannunsa na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ɗago ya kalle ni tun daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai taya rago a kara. Sannan ya ce, "Baba, wai tsaya. Gem ɗin nan na yaranka ne ko naka?"

Na ce nawa ne.

Ya juya wajen abokansa. "Kun ji fa, nasa ne." Suka kwashe da dariya, ɗaya har da buga cinya. Ya ce, "To ai sai ka yi haƙuri, Baba. Da keken ɗinki ne ko firij na ƙanƙara, sai in ce abincinka ne ya tsaya. Wannan fa abin wasa ne. Mutum da gemunsa yana ta zarya a kan gem kamar mai majinyaci a asibiti."

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Shekarata talatin da shida, ina da mata da 'ya'ya uku, tun safe nake tsaye a Kwari ina ɗaga dila ina sauke dila, kuma ban taɓa roƙon kowa kuɗin cefane ba. Yaron da ban kai ga haifa ba amma na girme shi nesa ba kusa ba, shi ne zai tsara mini abin da ya dace in huta da shi. Abin wasa ne, to. Da ya karɓi dubu goma sha biyar ɗina, kuɗin wasa ya gani? Allon da ya kafa a ƙofar shagonsa, hoton PlayStation ne a jiki ko hoton keken ɗinki? Da abin wasan nan yake biyan hayar shago, da shi ya sayi wayar da yake dannawa yana ƙin amsa sallamar mutane.

Na danne zuciyata na ce ya ba ni kayana. Ya sa ƙafa ya janyo shi daga ƙarƙashin tebur. Da ƙafa. Murfin bai rufu ba, noti biyu babu, ƙura ta yi masa bargo. Na ce kuɗina fa? Ya ce an sayi kaya da su. Na ce ina kayan? Ya ce suna hanya daga Legas. Mako uku, kaya suna hanya daga Legas, ko a kan jaki aka ɗoro su ai sun wuce Zariya.

Abin da ya fi ci mini rai, ba yau aka fara ba. Tun muna yara muke shan wannan rainin. Mu ne muka tara kuɗin tara muka buga Mortal Kombat a Sega a wani ɗan shago mai labule, muka koma Winning Eleven, muka ga zuwan PS2, muka yi shekaru muna musun PES da FIFA wanne ya fi kama da ƙwallon gaske. Muna nan kamfanin Konami ya mayar da PES ya zama eFootball a 2021, muna nan kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA ya fito da FC 24 a 2023. A duk tsawon shekarun nan sunanmu ɗaya a bakin mutane: 'yan shashanci. Amma magidanci ya kwashe awa biyu a gidan kallon ƙwallo, ya fito ya ƙara awa biyu a majalisa yana rantsuwa a kan Arsenal, babu mai cewa ya zubar da girma. Dattawa su wuni a gindin bishiya suna dara, wannan al'ada ce. Kai kuwa ka riƙe hannun gem a ɗakinka bayan isha'i, ka sallami iyalinka, ba ka ci haƙƙin kowa ba, kai ne mara aikin yi. Har da masu haɗa mu da 'yan caca, alhali ko sisi ban taɓa zubawa a kan wasa ba.

Na san akwai yaran da ke gudun Islamiyya su ɓuya a gidan gem, akwai waɗanda wasannin waya irin su PUBG da Free Fire suka hana su barci da sallar asuba. Wannan gaskiya ne, kuma ni ma ɗana ba ya taɓa hannun gem sai ya gama hadda. Amma tarbiyya aikin iyaye ce, ba lasisin da zai sa kowane mai sukundireba ya zagi wanda ya kawo masa ciniki ba.

Kuma wa ya jefa ni hannun yaron nan tun farko? Wuta. Ƙasar da a Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit da alƙawarin awa ashirin a rana, mu sauran unguwanni aka bar mu da wadda ke zuwa ta ƙona kaya ta tafi, babu mai biyan ka ko fis. Ka ce za ka tayar da janareta, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Ka ce za ka buga da abokai ta intanet, a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, ga wasannin yanzu sabuntawa ɗaya sai ta lashe datar wata guda. In ka daure ka shiga, yawancin na'urorin da ke haɗa 'yan wasa suna can ƙasashen waje, kai kana danna harbi, wancan ya riga ya kashe ka ya wuce. Ko asusun PlayStation za ka buɗe, babu Najeriya a jerin ƙasashen, sai ka ari Amurka ko Ingila ka sayi kati da dala, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500.

Saudiyya, ƙasar da muke tara kuɗin shekaru don mu je, ta shirya gasar wasannin gem ta duniya a Riyad a 2024, ta zuba kyautar sama da dala miliyan 60. Su sun ga sana'a, sun ga matasa, sun ga kuɗi. Mu a nan shugabanninmu ba su iya ba mu wutar da ba za ta ƙona talabijin ba, jama'a kuma sun bar masu laifin sun zo suna auna tsawon gemun wanda ya kawo gyara.

Na sa PS4 ɗin a leda na dawo gida. Ina shiga ɗana ya taro ni da gudu, "Abba, an gyara?" Na ce masa tukuna. Rasit ɗin yana aljihuna, kuma ranar Litinin da safe, kafin in buɗe shago, wajen shugabannin kasuwar zan fara zuwa. Dubu goma sha biyar ɗina da notina biyu, sai ya ba ni.