Kiran farko ba shi ne Asuba ba

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase, Sabon Zango da sauran unguwanninmu na Kumasi.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Da yawa daga cikin masu sammako, iyayenmu mata masu dafa wake da shinkafa, direbobin trotro (ƙananan motocin haya), da masu rige-rigen isa kasuwar Kejetia, da zarar sun ji kiran salla na farko sai su shimfiɗa darduma su sallaci Asuba su kama hanya. Niyyar mai kyau ce, Allah ya saka. Sai dai sallar farilla kafin lokacinta ba ta yi ba, sai an sake.

Malamai sun karantar da mu cewa alfijir biyu ne, kuma duka ta gabas suke ɓullowa. Na farko shi ne na ƙarya: haske siriri da ke miƙewa tsaye zuwa sama, wanda Larabawa suka kwatanta da wutsiyar kyarkeci. Masana taurari sun ce hasken rana ne ke dukan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi. Ba ya hana mai azumi sahur, ba ya halatta Asuba. Na gaskiya kuwa a kwance yake zuwa, ya shimfiɗu dama da hagu a gindin sama, yana ta ƙaruwa, har ja-ja ya biyo baya. Shi ne farin zaren da Allah ya ambata a Baƙara, aya ta 187.

A Madina ma kira biyu ake yi. Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah (SAW) ya ce Bilal da dare yake kira, a ci a sha har sai Ibn Ummi Maktum ya kira. Shi kuwa makaho ne, ba ya kira sai an ce masa gari ya waye. Wato akwai masu tsayawa su duba sama da idonsu. Mu yau wa ke dubawa? Kowa ya dogara da waya.

Wani zai ce ai ya ga gamzaki. To, gamzaki ba agogo ba ne. Zuhura ce, duniya irin tamu, shi ya sa haskenta ba ya ƙyafƙyaf kamar na sauran taurari. Watanni take yi tana fitowa gabas da asuba, ta ɓace, ta koma yamma bayan magariba, inda muke kiranta Zara matar wata. Wani lokaci tana riga alfijir fitowa da nisa. In ka dace da ita a ƙarshen wata, ga jinjirin wata ya rame ya lanƙwashe kusa da ita kamar yadda Yasin ta siffanta shi, ka yi tasbihi. Amma kada ka kabbarta saboda ita.

Na san hazon hunturu da fitilun gari sukan rufe gabas, sai ranar dumsor, wato in an ɗauke wuta, muke ganin sama da kyau. To a jira kira na biyu. A nan Kumasi rana wajen ƙarfe 6 take fitowa duk shekara, kuma tsakanin alfijir da hudowarta ya haura awa guda. Wanda tafiya ta kama shi tun da duhu ya fita da alwalarsa, ya yi salla a masallacin tasha. Ladanai kuma, don Allah, ku riƙa sanar da jama'a wanne ne kiran farko, wanne ne na biyu.