Likitan da ya bi ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin tsofaffi

Jama'a duk mai son sanin inda kishin ƙasa irin na Turai ya samo tushe to ya leƙa tarihin Romantisizim, yunƙurin nan na marubuta da mawaƙa da masu zane da ya taso ƙarshen ƙarni na 18, musamman a Jamus. Su cewa suka yi hankali da lissafi kaɗai ba su ne mutum ba, akwai zuciya, kuma kowace al'umma ruhinta yana cikin yarenta da waƙoƙin ƙauye da tatsuniyoyin kakanni. Herder, wani masanin falsafa Bajamushe, shi ne ya fi kowa nacewa a kan haka.

Lokacin fa babu wata ƙasa ɗaya wai ita Jamus, masarautu ne barkatai kuma manyansu da Faransanci suke taƙama. Da Napoleon sarkin Faransa ya lallasa Furushiya, ɗaya daga cikin manyan masarautun nan, a garin Jena a 1806 sai magana ta bar adabi ta koma siyasa, wani masanin falsafa Fichte ya dinga lacca a Berlin sojojin Faransa na cikin gari, yana cewa masu yare ɗaya al'umma ɗaya ce.

Amma ni wallahi labarin Finland ne ya fi taɓa min zuciya. Mutanen nan sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Suwidin, 1809 Rasha ta karɓe su, yarensu kuwa na manoma ne da barori, ofis da manyan makarantu duk da yaren Suwidin ake yi. Sai wani likita Elias Lönnrot ya shiga ƙauyukan Kareliya, yankin da ya taso daga gabashin Finland zuwa cikin Rasha, da ƙafa da kwalekwale, yana zama gaban tsofaffi suna rera masa waƙoƙin da suka gada da ka, shi kuma yana rubutawa, ya harhaɗa su ya fitar da littafin da ya kira Kalevala a 1835. Ku duba fa, yaren da ake rainawa shi ne ya zama abin alfahari, masu kiɗa irin su Sibelius suka ɗora a kai, har suka samu 'yanci a 1917. Wannan aikin ina ganin girmansa ƙwarai, don al'ummar da take jin kunyar harshenta ba ta iya tsayawa ta nemi haƙƙinta.

Abin da yake damuna shi ne inda wasu suka kai abin a Jamus. Herder bai taɓa cewa wata al'umma ta fi wata ba, ya ma soki mulkin mallaka, amma na baya suka mayar da son yare ya zama awon jini, wane asali ne wane baƙo ne. Shi ya sa hankalina yake tashi in na ga ana irin wannan tantancewar a Facebook tsakanin Hausa da Fulani, mutanen da suka yi auratayya tun kaka da kakanni. Heine yana cikin manyan mawaƙan Jamusanci na wancan zamanin, yaren ya yi wa hidima duk rayuwarsa, amma saboda asalinsa Bayahude ne 'yan Nazi suka haɗa da littattafansa cikin waɗanda suka ƙona a 1933.