Patterson: ɗan masu kuɗin da ya shiga jirgin talakawa

'Yan'uwana matasa masu rubutu, musamman ku da kuka buɗe shafin labarai a Facebook ko kuke sakin littafi babi-babi a WhatsApp, ku ara mini kunnenku. Zancen wani Ba'amurke mai jarida zan yi muku, Joseph Medill Patterson. Abin da ya ɗaukaka shi, mu mun raina. Ramin da ya faɗa kuwa, kullum sai na ga ɗayanmu a ciki.

An haife shi a Chicago a 1879, a gidan da ba a san babu ba. Kakansa na wajen uwa, Joseph Medill, shi ne mai jaridar Chicago Tribune, har magajin gari ya taɓa yi. Mahaifinsa kuma edita ne a jaridar. Ya gama jami'ar Yale a 1901. Da ya ga dama, sai ya miƙe ƙafa ya ci gado. Amma a 1906 ya ajiye muƙaminsa na kwamishinan ayyuka na birnin, ya ce shi ɗan gurguzu ne, ya rubuta maƙala yana kiran kansa cima-zaune mai cin gumin wasu. A 1908 ya fitar da ƙagaggen labari, A Little Brother of the Rich, inda ya yi kaca-kaca da rayuwar attajiran da ya tashi a cikinsu. Shekara ta zagayo aka nuna wasan kwaikwayonsa kan aikin jarida, The Fourth Estate, a New York. Da mahaifinsa ya rasu a 1910, ya koma Tribune tare da ɗan'uwansa Robert McCormick, 'ya'yan ya da ƙanwa ne. Gurguzun ya huce, amma idonsa bai bar kan talaka ba.

Ya je yaƙin duniya na farko a Faransa, ya kai muƙamin kyaftin. A Landan ya ga yadda ake wawason Daily Mirror, 'yar ƙaramar jarida mai cike da hotuna. Ranar 26 ga Yuni, 1919, ya fito da irinta a New York, wadda aka sani da Daily News. Manyan jaridu suka yi mata dariya, cinikinta ma ya faɗi a watannin farko. Kafin shekara goma ta haura kwafi miliyan ɗaya a rana, babu jaridar da ta kai ta a Amurka.

To, a nan nake so ku tsaya. Mutumin nan, duk da arzikinsa, yakan sa kaya na yau da kullum ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, ya cakuɗa da leburori da 'yan mata masu aikin ofis, yana kallon shafin da suka buɗe da wanda suka tsallake. Yakan zauna a gidan silima ya ga inda mutane ke dariya. Ƙanƙantar jaridar ma dabara ce: mutum na tsaye a cunkoso, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, zai iya karanta ta. Jimla gajera, kalma wadda kowa ya sani, ga fili da aka ware wa wasiƙun masu karatu. Har labaran zane sai da ya sa hannu. A 1924 wani mai zane, Harold Gray, ya kawo masa labarin yaro maraya, ya ce a mai da shi yarinya, haka aka samu labarin zanen marainiya Annie. Sunan Dick Tracy ma, ɗan sandan wani labarin zane, shi ya gyara shi a 1931.

Mu fa? Kana kwance a ɗaki, waya a hannu, kana rubuta wahalar manomi alhali rabonka da gona tun kana firamare. Ke kuma kin cika littafinki da gidajen Dubai da motocin da ba ki taɓa shiga ba, ga maƙwabciyarki mai tuyar ƙosai da labarin da zai sa dutse kuka, ba ki taɓa zama kusa da kaskonta ba. Wallahi abin yana ci mini rai. Ku fita! Ku shiga tasha, ku hau a-daidaita-sahu, ku zauna a teburin mai shayi ku yi shiru ku saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ba zai biyo ka gida ya faɗa maka ba.

Sai dai wanda ya san abin da mutane ke so, ya san har da wanda bai kamata a ba su ba. Patterson ya rasu a 1946, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Duk da haka, da wuya a yi zancen jaridarsa ba a ambaci Janairun 1928 ba.

Wata mata, Ruth Snyder, ta haɗa baki da farkanta suka kashe mijinta, kotu ta yanke mata hukuncin kisa a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing. An hana shiga da kyamara. Sai jaridar ta ɗauko wani mai hoto, Tom Howard, wanda jami'an kurkukun ba su san fuskarsa ba, ya ɗaura 'yar kyamara a idon sawunsa ƙarƙashin wando. Daidai lokacin da wuta ta kama jikinta ya danna. Washegari hoton ya cika shafin farko, da kalma ɗaya tak a samansa mai nufin ta mutu. Aka yi ta rububin saye.

Kada ku ce mu ba mu kai nan ba. Mota ta kife a hanya, kafin a kai hannu a ciro mutane an ciro waya. Gawar bawan Allah ba a ko rufe ba, ta riga ta shiga zaure goma, uwarsa a nan za ta fara gani. Bidiyon sirrin yarinya ya fita, kai da ke kiran kanka ɗan jarida kai ne na farkon turawa, wai don mabiya su ƙaru. Ku ji tsoron Allah, ku rufa wa mutane asiri. Laifin matar nan babba ne, ba mai musu, kuma hukunci ya riga ya hau kanta. Amma ta bar 'ya ƙarama a duniya, kuma a safiyar nan hoton uwarta a ɗaure kan kujera yana rataye a rumfunan masu sayar da jarida a duk faɗin New York.