Kalmar Tanri da abin da siyasa ta ja mata

Jiya muka yi musu da wani abokina da ya yi karatu a Turkiyya. Ya ce in kana son zama lafiya da masu addini a can, kada ka kuskura ka ce Tanri, ka ce Allah, wai Tanri sunan abin bautar maguzawansu na da ne. Ni dai ban yarda ba.

Gaskiya ne kalmar ta girmi musuluntar Turkawa. Masana harshe sun tara 'ya'yanta a harsunan dangin Turkanci, suka bi sawu baya, suka ce uwar ita ce *tengri, ma'ana sama da kuma Mai sama. Tauraron nan da ke gabanta shaida ce cewa uwar harshen ba ta bar rubutu ba, kwatance aka yi aka gino ta. Kazak suna cewa Tangir, Kirgiz Tengir, Uzbek Tangri, Yakut can cikin sanyin Saberiya Tangara, Cubash na bakin kogin Bolga kuma suka gutsure ta ta koma Tura. Wasulan ba su daidaita ba, shi ya sa wasu masanan suke zargin aro ce daga wani harshe tun fil azal. A duwatsun Orkon na Mongoliya masu ɗauke da tsohon rubutun Turkawa, waɗanda aka sassaƙa a 732 da 735, tana nan birjik, kuma tana cikin kalmomin farko da Vilhelm Thomsen ɗan Denmak ya gane lokacin da ya warware rubutun a 1893.

To amma tsufa laifi ne? Ibn Fadlan, matafiyi Musulmi da ya tashi daga Bagadaza a 921 ya isa Bolga a 922, ya ji Turkawan Oguz suna cewa bir tengri, wato Ubangiji ɗaya. Mahmud al-Kashgari, Musulmi masani, da ya rubuta ƙamusunsa wajen 1072, Allah Maɗaukaki ya fassara tengri da shi, sannan ya soki kafiran da ke kiran sararin sama da sunan. Ka ga kalmar ta musulunta tare da masu ita. Mu ma haka muka yi da Ubangiji, kalmar gida ce tsantsa, kuma ban taɓa jin malamin da ya hana ta a tafsiri ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne 1932. A shekarar gwamnatin Ataturk, shugaban Turkiyya na lokacin, ta mayar da kiran salla harshen Turkanci, Allahu Akbar ya koma Tanri uludur. A 1941 aka sa doka mai hukunta wanda ya kira da Larabci. Shekara 18 ladanai suna yi dole, sai a Yunin 1950 gwamnatin Adnan Menderes ta ɗage. Wanda kakansa ya ga an ja ladan kotu, yaya za a yi ya ji Tanri bai tuna ba? Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai a faɗi abin yadda yake: tilas ɗin ce ta ɓata wa mutane rai, aka huce a kan kalmar, sannan daga baya aka nemo mata laifin maguzanci.

Na tambayi abokin nawa me Turkawa ke kiran baƙon da ya faɗo gida babu sanarwa. Ya yi dariya ya ce Tanri misafiri, baƙon Ubangiji, kuma ba a korar sa. Sai ya ce amma ai wannan daban. Har muka rabu bai gaya mini inda ya bambanta ba.