Takunkumi Ne Ya Koya Mana Darajar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Matasanmu masu koyon gina shafukan intanet a Gadarif da Kassala, a nan Sudan, suna yawan musu kan manhajojin da za a ɗora shafi a kansu: Apache da Nginx a kan Linux, ko IIS da ASP.NET na Microsoft? Ni ina bayan buɗaɗɗun, wato irin su Linux da Apache da Nginx waɗanda kowa ke da damar ganin lambarsu, ya gyara, ya raba, kuma ba don saurinsu ba. Don tarihin ƙasar nan ne.

Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ba ta ɗage mafi yawansa ba sai Oktoban 2017. Shekara 20 ke nan ɗan Sudan na riƙe da kuɗinsa amma kamfanin Amurka ba zai sayar masa da lasisi ba. Ka je sauke manhaja, shafin ya gane daga ina kake, ya ce ba a yarda da ƙasarka ba. Ina mafita? Faifan kwafi na kasuwa, wanda ba a sabunta shi, ƙwayar cuta kuwa sai wadda Allah ya tsare. Wanda kuwa ya riƙe buɗaɗɗun manhajoji irin su Linux da PHP da MySQL, in ya samu kwafi ɗaya ya ba ɗan'uwansa a filashi, halal ne, lasisin kansa ya yarje masa.

Kada a ce na manta: a farkon 2010 shafin SourceForge, matattarar buɗaɗɗun manhajoji, shi ma ya toshe Sudan. Amma ko da shafin ya toshe mu, lambar manhajar na nan a hannun jama'a, wasu rumbuna a wasu ƙasashe suna ɗauke da ita. Haka da kamfanin Oracle ya haɗiye kamfanin Sun mai MySQL a 2010, MySQL ta koma hannunsa, tuni masu gina ta suka tsaga MariaDB, wato suka kwafi lambarta suka ba ta sabon suna, suka ci gaba. IIS fa, wa ya isa ya tsaga ta?

Masu goyon bayan kamfani suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Banki ko ma'aikata na son wanda za ta kira cikin dare in uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ta tsaya, ta kuma kama shi da yarjejeniya. Nginx kyauta ce, amma wanda ya iya saita ta ba kyauta yake aiki ba, kuma tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ƙwararru da yawa sun bar ƙasar. To ai lasisin ma da dala ake biya, ga yadda fam ɗin Sudan ya zube.

Ita Microsoft kanta ta fara buɗe .NET, tushen da aka gina ASP.NET a kai, tun 2014, yanzu yana gudana a kan Linux, ta kuma sayi GitHub, shafin ajiye lambar manhajoji, a 2018. Don haka ƙanina da ke tambayar wanne zai koya, in C#, harshen rubuta manhaja na Microsoft, kake so, koya abinka, ban hana ka ba. Amma fara zama da baƙin allon nan na Linux da ake rubuta umarni a kai har hannunka ya faɗa, ka iya ɗauke shafi da bayanansa daga wannan uwar garke zuwa waccan cikin dare ɗaya ba tare da neman izinin kowa ba.